Kaji 11 da Takardar Tashi: Yadda Aka Raba Garken Wani Gida a Agege

Gidan yana Agege a Legas, irin tsofaffin gidajen hayan nan masu ɗakuna a jere suna kallon juna, da ɗan fili a baya inda ake wanki da shanya. A kusurwar filin wata Hajiya ta kafa akurki, tana da kaji 11: jajayen kajin gidan gona 8, kajin Hausa mata 2, da zakara 1. Jajayen irin ISA Brown ne, waɗanda gonakin ƙwai ke fitarwa idan sun kai sati 72 zuwa 80 ko ɗan fiye, lokacin da ƙwan da suke yi ya daina biyan abincin da suke ci. A wajen masu kaji a Oko-Oba ta saye su, kuma da gangan ta zaɓi waɗanda kowa ke tsallakewa: wuya a tsige, ƙirji ba tsoka, farce zaƙo-zaƙo don ba su taɓa taka ƙasa ba. Wata 14 suna hannunta. Gashi ya dawo, sun koyi tono da wankan ƙasa, yara sun raɗa wa kowacce suna.

Sai aka sayar da gidan. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta ba mai biyan kuɗin shekara notis na wata 6, kuma an ba ta shi cikakke, daga Oktoba zuwa ƙarshen Maris. Wurin da ta samu ɗaki da falo ne a bene a Iyana-Ipaja, ba tsakar gida, mai gidan kuma ya faɗa tun ranar biyan kuɗi cewa ko kyanwa ba ya so. Neman gida da haɗa kuɗin ejan suka ɗauke mata hankali, maganar kaji ba ta taso ba sai da ya rage sati 3. Yawancin abin da ya lalace daga baya daga nan ya samo asali, domin aikin da ke buƙatar sati 6 ne aka matse shi cikin rabin haka.

Lissafin da ya kamata mai karɓa ya ji

Jar kaza mai ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 na abinci a rana, ta sha ruwa kusan ninkin haka, lokacin zafi ma ya fi. Kazar Hausa ba ta kai nan ba, musamman idan tana samun tono. Garken Hajiya gaba ɗaya yana cin kilo 1 da ɗan ɗoriya kullum, wato buhu mai kilo 25 yana kai su kwana 20. A kwanakin nan 20 jajayen suna ba da ƙwai kamar 80, guda 4 a rana. Da matasa ne da sun yi 7. Shekarunsu sun doshi 3, daga nan kuma ƙwan raguwa zai ci gaba da yi, ɓawon yana ƙara laushi.

A kasuwar Legas tsohuwar kaza ta fi daraja a tukunya, don namanta mai tauri shi masu miya da farfesu ke nema. Duk wanda ya sa a WhatsApp cewa yana da kaji kyauta zai sami masu so kafin la'asar, kuma mafi yawansu ba akurki ne a ransu ba, balle idan Sallah ko Kirsimeti ta gabato. Babu laifi a yanka kaza. Halal ce, Bahaushe ma ya riga ya ce sabo da kaza ba ya hana yanka. Inda ake samun ɓacin rai shi ne rashin fitowa fili: mai bayarwa ba ta son a yanka amma kunya ta hana ta faɗa, mai karɓa kuma bai tambaya ba. Kyauta idan ta fita hannu ta fita, ba a bin ta da sharaɗi har abada.

Hanyar da ta fi dacewa da mai irin wannan ra'ayi tsohuwa ce a ƙasar Hausa, wato ba da kiwo. Kajin suna nan a matsayin nata, wani ne yake riƙewa. Da ita aka yi amfani a gida ɗaya cikin ukun da aka samu, aka rubuta sharuɗɗan a saƙon waya don kada wani ya ce ya manta: ƙwai na mai riƙo ne, Hajiya ce ke biyan rabin kuɗin abinci, kazar da ta kwanta ciwo har ta daina ci za a buga waya a kawar da ita ba jayayya, kuma duk wanda ya gaji ya ba ɗaya wata guda ya shirya. Wannan rabin kuɗin abincin shi ne ginshiƙin maganar. Tausayi ba ya sayen buhu.

Tambayoyin da aka yi wa masu son karɓa ba su da yawa. Gidan naka ne ko haya? Idan haya ne, mai gida ya sani? Kana da kaji a yanzu, nawa, an yi musu rigakafi? Filin yana cika da ruwa da damina? Mutum 2 sun faɗi a tambayar farko, domin su ma ƙarshen shekara hayarsu za ta ƙare, kai musu kajin ɗage matsalar ce kawai zuwa Disamba.

Duba su ɗaya bayan ɗaya

Da daddare ake yi, bayan sun hau sandar kwana, don kaza ba ta gani sosai a duhu, ana ɗaukarta ba guje-guje. Hannu biyu ake sawa a manne fuka-fukai da jiki. Ba a ɗaga tsohuwar kazar keji ta ƙafa kai a ƙasa: ta shafe fiye da shekara tana zarar kalsiyam daga ƙashinta tana yin ɓawon ƙwai, ƙashin ya yi rauni, ƙafa ko fiffike na iya karyewa a hannun mai riƙo.

A fara shafa ƙashin ƙirji. Idan ya fito da kaifi, ba tsoka gefe da gefe, kazar ta rame ko da gashi ya rufe. A duba zanko: ja mai sheƙi na mai ƙwai ne, wanda ya koɗe ya motse na wadda ta tsaya ne. Sai a sa yatsu tsakanin ƙasusuwa biyun da ke gefen mafitar ƙwai. Yatsu 2 zuwa 3 suka shiga, tana yi. Yatsa 1 da ƙyar, ta daina. A buɗe gashin ƙarƙashin fiffike da na kewayen dubura a haska fitila: ƙwarƙwata tana gudu a kan fata, ƙwayayenta kuma suna manne a gindin gashi, fari-fari a dunƙule. A duba ɓawon ƙafa ko ya ɗaɗɗago, a duba tafin ƙafa ko akwai kumburi mai baƙin tabo. A ƙarshe a kara kunne a bayanta a saurari numfashi, a shinshina hanci.

An samu 5 lafiya lau suna ƙwai, 2 lafiya amma sun tsaya, duk da ƙwarƙwata a jikinsu. Ta takwas cikinta ya kumbura, da taushi kamar an ɗura ruwa, tana tsayuwa a miƙe wutsiya a ƙasa, ta yi watanni ba ƙwai. Likitan dabbobi ya ce ko dai gwaiduwa ce ke faɗawa cikin ciki ta ruɓe, ko ƙari a mahaifar ƙwai, kuma duka biyun suna yawan kama irin waɗannan kaji idan sun manyanta. Irin wannan ba a miƙa ta ga wani. Mai karɓa zai kashe kuɗin magani, ta mutu a hannunsa, ya zauna yana jin kunyar mai ita. An yanka ta an binne da zurfi, ba a ci ba, ba a kuma jefa a kwata ba.

Akwai yanayin da ba a motsa ko kaza ɗaya. Idan kaji suka fara mutuwa farat ɗaya, biyu yau uku gobe, zanko ya yi shuɗi-shuɗi, ko wuya yana murɗewa da koren kashi, to ana zargin murar tsuntsaye ko cutar Niyukasil, ofishin likitocin dabbobi na gwamnati ake kira. Murar tsuntsaye nau'in H5N1 an fara tabbatar da ita a Nijeriya a Fabrairun 2006 a Jihar Kaduna, a Janairun 2007 ta kashe wata mata a Legas, ta kuma sake ɓarkewa a Kano da Legas a farkon 2015. Raba garke mai ciwo gida-gida shi ne hanya mafi sauri ta yaɗa ta. A gidan Hajiya ba a ga alama ko ɗaya ba, shi ya sa aka ci gaba.

Da an fara da wuri, ga yadda aikin zai jeru. Sati 6 kafin tashi a yi dubawar nan a fara neman gidaje. Sati 5, hodar ƙwarƙwata ta kaji, a maimaita bayan kwana 7 zuwa 10 don hodar ba ta kashe ƙwayayen, sai sun ƙyanƙyashe. A satin kuma a ba da maganin tsutsar ciki, a tuna cewa piperazine manyan tsutsotsi zagayayyu kaɗai yake kashewa, ba ya taɓa mai faɗi. Sati 3, rigakafin Niyukasil, don jiki yana buƙatar kusan sati 2 kafin kariyar ta kama. A nan an yi hoda sau ɗaya, an yi rigakafi kwana 9 kafin tashi, maganin tsutsa kuma aka bar wa masu karɓa. Wani maƙwabci ya kawo shawarar a fesa musu ota-piya-piya a huta. Guba ce, tana kashe kaza, kuma ba abin da za a sa a jikin dabbar da ake cin ƙwanta ba ne. Ƙafa mai ɗagaggen ɓawo basilin kawai take so, a shafe ta sosai kwana biyu-biyu na tsawon sati 3. Kananzir ƙona fata yake yi.

Ukun da suka tafi Ikorodu

Ƙanin Hajiya yana da gidan kansa a Ikorodu, da fili, da kajin Hausa 15 da ke yawo. A takarda shi ne ya fi kowa cancanta. An ba shi 3 kyauta, 2 masu ƙwai da 1 da ta tsaya, aka kuma faɗa masa a fili cewa wadda ta tsaya idan ya ga dama ya yanka. Da aka kawo maganar kwali da fita da asuba sai ya ce, "Haba Yaya, kaza ce fa. Ki ba yaro ya kawo su kawai."

Yaro ya ɗaure ƙafafunsu da igiya, ya zuba su a buhu, aka tura buhun a but ɗin danfo ƙarƙashin kayan mutane. Ƙarfe 11 na safe suka tashi, a watan Maris, lokacin da zafin Legas ke kan ganiyarsa. Gosulo ya riƙe su tsakanin Ketu da Mile 12. Bayan awa 3 aka kwance buhu: ɗaya ta mutu, biyu sun buɗe baki suna haki, fuka-fukai a saki.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Zafin jikin kaza kusan digiri 41 ne, kuma ba ta gumi. Da haki take fitar da zafi, tana busar da danshin maƙogwaro, ta kuma ware fuka-fukai iska ta ratsa. Iskar Legas cike take da danshi, saboda haka hakin ba ya aiki sosai ko a fili. A cikin buhu, jiki manne da jiki, babu wurin ware fiffike, zafin kowacce yana komawa kan 'yar'uwarta. Ƙarin digiri 5 a zafin jiki ya isa ya kashe ta. Abin da tafiyar ke buƙata ba tsada: kwali mai ƙarfi, kaza 2 a kowanne, a huda ramuka masu faɗin yatsu biyu a dukkan gefuna huɗu, a shimfiɗa tsohon buhu ko dusar katako a ƙasa don kada su zame, ƙafa a sake. A ɗauke abinci awa 2 zuwa 3 kafin tashi, ruwa kuwa a bar musu har lokacin da za a kama su. A tashi bayan sallar asuba, kwalin a kan kujera ko a cinya, kusa da taga. Biyan kuɗin kujera ɗaya ya fi araha a kan kazar da aka rasa.

Kazar da ta iso tana haki inuwa take so, a jiƙa mata ƙafafu da ƙarƙashin fiffike da ruwan randa, ba na ƙanƙara ba, a ajiye ruwan sha mai gulukos a gabanta ba tare da an ɗura mata ba. An yi wannan, sun farfaɗo. Sai da yamma aka sake su cikin sauran kaji.

Wannan kuskuren ya fi na buhu tsada. Kowane garke yana da tsarin wa ya fi wa, kuma baƙuwa sai ta sha sara kafin a ba ta matsayi. Kajin gidan gona an datse musu baki tun suna tsaki, ba sa iya ramawa. Kafin magariba an fasa wa ɗaya zanko, kaza kuwa idan ta ga jini ba ta bari. Kwana 2 baƙin suna maƙale bayan tankin ruwa, ba sa isa ga abinci. A kwana na 4 fuskar ɗaya ta kumbura, ido ya manne, hanci yana zubar da majina mai wari. Cikin sati kajin gidan 6 suka kama, ƙanana 2 suka mutu.

Likita ya ce alamun na murar kaji ce mai kumbura fuska, wadda suke kira koriza. Tana bayyana kwana 1 zuwa 3 bayan kamuwa, kuma kazar da ta taɓa yi ta warke tana ɗauke da ƙwayar cutar tana rabawa alhali ita garau take. Saboda haka tana iya fitowa daga kowane ɓangare: baƙin na iya shigowa da ita wahalar hanya ta tayar, kajin gida ma na iya zama masu ɗauke da ita. Killacewa kare ɓangarorin biyu take yi. Sati 3 zuwa 4, a keji daban, tazarar mita 10 ko iyakar abin da fili ya bari, mazubin ruwa da na abinci daban, a fara hidimar kajin gida kafin a je wajen baƙi, a wanke hannu, a canza silifas.

Daga baya duk an yi wannan, a makare. An ware marasa lafiya, an ba su maganin da likita ya rubuta a ruwa har kwanakin suka cika, ba kafso ja-da-yalo na mutane da ake fasawa a kasko a daina da zarar kumburi ya sauka ba. An zubar da ƙwan kwanakin magani da na kwanakin jira da ke rubuce a jikin leda. Raunin zanko aka shafa masa GV, maganin rauni mai launin shuni, wanda ke busar da ciwo ya kuma ɓoye jan da ke jawo sara. Bayan wata guda aka sake gwada haɗawa: sati 1 ana ganin juna ta bayan raga, sannan aka ɗora su kan sandar kwana da daddare, aka ajiye mazubin abinci 2 a inda mai cin wannan ba ta hango mai cin wancan. An yi 'yan kore-kore na kwana 3, ba jini.

Huɗun da suka zauna a Agege

Wata mai ɗinki ce ta karɓe su kiwo, layi biyu daga tsohon gidan, a gidan gado, ba ta da kaji. Tafiyar minti 10 ce da asuba, a kwali 2.

An so a ɗauko tsohon akurkin gaba ɗaya. Kafin nan aka goga farin ƙyalle a ƙarƙashin sandar kwana da daddare, ya fito da ɗigo-ɗigon jini. Jajayen ƙuman nan ne da ke ɓuya a tsagar katako da rana su fito shan jini da dare, shi ya sa ba a ganinsu a jikin kaza, kuma suna iya yin watanni a katako ba su ci komai ba. An ƙone sandunan da akwatin ƙwai, kwanon rufi da raga kaɗai aka wanke aka ɗauka.

Sabon akurkin mita 1.2 ne a kowane gefe, an ɗaga shi santimita 60 daga ƙasa saboda ruwan da ke kwanciya a layin, da ɗan fili mai shinge mita 2 da mita 2 a gabansa. Raga mai ido rabin inci aka sa, don mai manyan idanu ɓera yana ratsawa, gafiya da muzuru kuma suna zura hannu. Sandar kwana mita 1, wato santimita 25 ga kowacce, an goge kaifin gefunanta, tsayinta bai wuce santimita 40 daga daɓen akurki ba, domin dirowa daga sama ita ke fasa ƙashin ƙirji da tafin ƙafar tsohuwar kaza. Akwatin ƙwai 1 ya ishi kaza 4, santimita 30 kowane gefe, a kusurwa mai duhu. Tunda filin siminti ne, an ajiye tsohuwar taya cike da yashi da toka don wanka. Kwana 4 na farko a rufe suke, su san nan ne gida. Abincin da suka saba aka biyo su da shi. Mai son canza kamfani sai ya gauraya a hankali cikin sati guda, rubu'i, rabi, sannan kashi uku cikin huɗu.

Ƙwai ya tsaya kwana 12. Mai ɗinki ta fara zargin an ba ta waɗanda suka ƙare. Ba haka ba ne, sauyin wuri kan tsayar da ƙwai sati 1 zuwa 3. Wani ya ba ta shawarar ta sa musu ƙwan lantarki, tunda gonaki suna ƙara haske har awa 16 alhali ranar Legas kusan awa 12 ce duk shekara. Gaskiya ne yana ƙara ƙwai, amma a ganinmu kazar da ta doshi shekara 3 ba a matsa mata. A nan ne ake samun fitowar mahaifa da ƙwan da ke maƙalewa.

Matsalar gaske da ruwan Afrilu ta zo. Kaza 4 suna cin kusan rabin kilo a rana, saboda haka buhu mai kilo 25 yana kai kwana 50. A danshin Legas abincin kaji bai kamata ya wuce wata guda a buɗe ba, wannan kuma a kan siminti aka jingine shi. Ƙasan buhun ya dunƙule, yana warin fumfuna. Fumfunar masara da gyaɗa tana fitar da guba mai lalata hanta, shanyawa a rana kuma ba ta cire ta. An zubar da kusan kashi ɗaya cikin uku. Yanzu kilo 10 ake saya, ko a raba buhu da wani, a juye a bokiti mai murfi a ɗora kan katako.

Don cike giɓin abin da aka zubar sai ta fara gauraya abincin da dusa rabi da rabi, ta ƙara da ragowar shinkafa. Cikin kwana 10 ƙwai ya fara zuwa da ɓawo mai taushi, wata ta fasa nata ta shanye, ɗaya kuma ta fara zama a kan gwiwa. Abincin masu ƙwai yana ɗauke da kalsiyam kusan kashi 4 cikin 100, kaza tana buƙatar kimanin giram 4 a rana, ɓawon ƙwai ɗaya kaɗai yana cin giram 2, kuma ba duk abin da ta ci jiki ke tsotsewa ba. Dusa kusan ba ta da shi. Rabi da rabi ya mayar da giram 4 ya koma 2 da ɗan kai, sauran daga ƙashinta take cirowa. An koma abinci zalla, dusa da ganye da ragowar tuwo suka zama ɗan abin yamma da bai wuce cikin tafin hannu ba, aka ajiye ɓawon kawa niƙaƙƙe a gwangwani daban su ɗiba da kansu. Ɓawon ƙwan gida ma yana yi idan an gasa shi an daka, yadda ba za su gane shi su koyi fasa ƙwai ba. Bayan sati 2 ɓawo ya dawo.

Shimfiɗar ma ta jiƙe ta gefen da iska ke kaɗo ruwa. Gwajin mai sauƙi ne: a damƙi dusar katakon a hannu, idan ta dunƙule ta jiƙe, a sunkuya daidai tsayin kaza, idan zarni ya hau ido to ya daɗe yana cin nasu. Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ita ke kawo kashin jini. An ƙara tsawon rufi, an rataya tamfol a gefen ruwa kaɗai, sauran gefunan a buɗe, aka zuba sabuwar shimfiɗa mai kaurin santimita 8, ta fiƙar katako, ba garin zarto mai shiga hanci ba.

Zakara da kajin Hausa

Zakara shi ya fi wuyar samun gida, don cararsa ce ke haɗa mutum da maƙwabta. Wani mai gadin fili a Alagbado ya karɓe shi da matan 2, bayan an sa shi ya nemi izinin mai filin a gaban Hajiya ta waya. Ɗaya tana kwanci, kwana 12 cikin 21, a kan ƙwai 10. An haska su da fitilar waya aka cire 2 da ba komai a ciki, aka ɗauke ta da kwandonta da daddare a lulluɓe, aka bar ta a rufe cikin duhu kwana 2 da ruwa da tsakin hatsi a kusa. Ta zauna, ta ƙyanƙyashe 6. Da ya rage kwana 3 ko 4 ne da jira ya fi.

Bayan wata 3, cikin kaji 11 akwai 4 a Agege suna ba da ƙwai 2 a rana, 2 a Ikorodu, 3 a Alagbado da 'yan tsaki. Kowane gida an tura masa saƙo mai ɗauke da shekarun kajin, abincin da suke ci, ranar hoda da ranar rigakafi, kuma lokacin maimaita na Niyukasil ya yi, tunda Lasota, rigakafin da ake bayarwa a ruwan sha, wata 2 zuwa 3 ake sabunta shi. Wahalarsa ga mai kaza 4 ita ce kwalbar ta kaji 100 ce ko fiye, sai a firji take zama, idan an narkar da ita kuma awa 2 ta lalace. Mai ɗinki ta haɗa kai da gidaje 5 masu kaji a layinsu: a sayo kwalba ɗaya a cikin kula mai ƙanƙara daga shagon da ke da tsayayyiyar wuta, kowa ya ɗauke wa kajinsa ruwa awa 1 zuwa 2 tun da safe, a narkar a ruwan rijiya ko na bohol marar sinadarin kulorin, a zuba garin madara giram 2 a kowace lita, a raba a mazuban roba da aka ɗauraye ba sabulu. Kazar da ke ciwo a ranar ba a ba ta. Na Ikorodu da na Alagbado, saboda nisa, an ce su nemi nau'in I-2 da cibiyar binciken dabbobi ta Vom, a Jihar Filato, ke yi, wanda ya fi jure zafi, ana ɗiga shi ɗigo ɗaya a ido duk wata 4.